Dakoro: hoto ya yi faɗi, uban amarya ya ɓace

Bayan girbin bara an yi bikin wata ƙanwata a Dakoro. Kamar yadda aka saba yanzu, an ɗauko mai kyamara, an biya shi haƙƙinsa. Da faifai ya fito, aka taru tsakar gida gaban tsohuwar talabijin, irin mai ƙusumbin nan. Aka zo wurin ɗaurin aure: ga liman, ga waliyyin ango, amma uban amarya da ke zaune bakin tabarma sai kafaɗarsa da jelar rawaninsa. Tsoho bai ce uffan ba, ya tashi ya shige ɗaki. Mai kyamara ya rantse ya ɗauke shi, kuma gaskiyarsa. Wurin haɗa hoto a kwamfuta ne aka datse shi.

Jama'a masu karatu, maganar ta awo ce, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane awo. Talabijin ɗin da muka tashi da ita, tun lokacin da Télé Sahel ta fara aiki a 1979, in faɗinta kamu huɗu ne, tsayinta kamu uku ne; shi ake kira 4:3. Ta yanzu, mai lafewa jikin bango, 16:9 ce, awon da wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya ba da shawararsa a 1984. Ku ɗauka tsayin duka biyun kamu 9 ne: tsohuwar faɗinta 12, sabuwar 16. Kamu huɗun nan da ke tsakani su ne tushen rigimar.

Mai haɗa hoto da aka ba faffaɗan hoto, aka ce ya sa shi cikin tsohon awo, ko dai ya bar baƙin layi sama da ƙasa, hoto ya ƙanƙance amma kowa ya fito. Ko ya yanke gefe da gefe, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, abin da ya sami tsohonmu ke nan. Ko kuwa ya matse, mutane su koma kamar karan dawa. In aka juya lamarin, aka buɗa tsohon hoto don ya cika sabuwar talabijin, kowa sai ya ƙara kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Ku duba rumfunan kallon ƙwallo: sau da yawa ƙwallon ta fi kama da ƙwai, kuma ba mai cewa komi, ido ya saba.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da fim ɗin The Robe bisa tsarin CinemaScope, don janyo mutanen da talabijin ta zaunar gida. Gilashin da ke matse hoto wurin ɗauka, ya buɗe shi wurin haskawa, ƙirƙirar Bafaranshe Henri Chrétien ne. Fim mai awon 2,35:1 in aka yanke shi ya cika tsohuwar talabijin, fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton ke zubewa. Duk wanda ya yi kallon finafinan Indiya a kaset ya san haka ko bai san dalili ba: jarumi na magana da wadda ba a gani, sai hancinta.

Akwai kuma wani tarko cikin faifan DVD. A tsarin PAL, hoto ɗigo 720 ne bisa 576, ko na 4:3 ne ko na 16:9. Wata ƴar alama ce cikin faifan ke gaya wa na'ura yadda za ta shimfiɗa shi. In mai haɗawa ya sa alamar da ba ita ba, ko kuwa ba a gaya wa na'urar irin talabijin ɗin da aka haɗa ta da ita ba, faifai guda sai ya yi daidai gidan wane, ya yi tsawo gidan wane. Kafin a yi wa mai kyamara faɗa, a fara duba saitin na'ura.

Salula ta zo ta ƙara dagula lissafi. Hoton da aka ɗauka a tsaye, watau 9:16, bai cika ko kashi ɗaya cikin uku na faɗin sabuwar talabijin ba.

A ganina, rabin laifin namu ne, masu biya. Mutum ya sayo talabijin mai tsada daga Maraɗi ko Kano, ya ga baƙi gefe da gefe, sai ya ce ai ya biya kuɗin gilashin duka. Mai haɗa hoto kuwa ba ya son rasa ciniki, sai ya cika masa fuska ko ta halin ƙaƙa. Ma'aikatan da ke sa a ɗauki bikin buɗe rijiya ko ajin makaranta su ma su kula: allon da ke ɗauke da sunan aikin da na wanda ya ba da kuɗi galibi gefe yake, shi ke fara tafiya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne tsofaffin kasusuwan VHS. Gidaje da yawa na da su cikin akwati: suna, aure, dawowar alhazai, kokowar gargajiya, fuskokin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da ƙura na cin su, don haka ana kai su a juye cikin kwamfuta, abu mai kyau. Sai dai in mai juyewa ya zuƙo hoton don ya cika 16:9, kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ya tafi, kawuna da huluna a sama, ƙafafun ƴan kokowa a ƙasa. Hoton da aka buɗa ko aka matse ana iya maido shi daidai. Wanda aka yanke ba ya dawowa sai daga kaset ɗin asali, alhali mutane da yawa na jefar da shi ran da suka karɓi sabon. Ku ce a juye muku 4:3 yadda yake, da baƙinsa gefe biyu, kuma ku ajiye kaset.

Mu dai mun yi sa'a, mai kyamara bai riga ya goge na asali ba. Ya sake haɗawa da baƙin layi sama da ƙasa, bai karɓi ko dala ba. Aka kira tsoho ya zauna ya kalla har ƙarshe. Ya ga kansa bakin tabarma, rawani cif. Abin da ya tambaya kawai shi ne me ya sa kowa ya ƙanƙance.