Fitar haidirojin daga haidirayid na ƙarfe

Haidirayid na ƙarfe sinadari ne da ke samuwa idan ƙarfe, ko gaurayen ƙarafa, ya shanye iskar haidirojin har ƙwayoyin zarrarta suka zauna a guraben da ke tsakanin nasa. Idan aka dumama shi yakan saki iskar, tsarin jikinsa kuma ya sauya. Thomas Graham, masanin kimiyya ɗan ƙasar Sikotilan, shi ne ya gano a shekarar 1866 cewa faladiyam na shanye haidirojin da ya ninka girmansa sau ɗaruruwa.

Yadda iskar ke fita

Fitar haidirojin tana cin zafi, shi ya sa take raguwa da zarar an daina dumamawa. Ƙwayoyin zarrar sukan taso daga cikin ƙarfen zuwa samansa, su haɗu bibbiyu, sannan su tashi a matsayin iska.

Sauyin siga

Sinadarin da ya ƙoshi da haidirojin yana cikin sigar da ake kira beta. Yayin da iskar ke fita, sigar alfa, wato ƙarfe mai ɗan ragowar haidirojin, takan fara tsirowa tana bazuwa. Muddin sigogin biyu suna tare, matsin iskar kusan ba ya sauyawa idan zafin bai sauya ba. Ƙarfen yakan kumbura wajen shan iskar, ya tsuke wajen sakinta, don haka yawan maimaitawa kan farfasa shi ya zama gari.

Misalai

Yawan zafin da ake buƙata ya danganta da ƙarfin riƙon da ƙarfen ya yi wa iskar. Haidirayid na magnesiyam, MgH₂, yana ɗauke da haidirojin kimanin kashi 7.6 cikin 100 na nauyinsa, amma sai zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas yake sakinsa. Na lantanam da nikel, LaNi₅H₆, yana saki a zafin ɗaki, sai dai abin da yake riƙewa kimanin kashi 1.4 ne kawai. Samun sinadarin da zai haɗa yawan ɗauka da saurin saki shi ne babban abin da masu bincike ke nema.

Amfani

Ana adana haidirojin ta wannan hanya ba tare da matsi mai yawa ba, kamar a jiragen ruwan Jamus masu nutso samfurin 212. Haka kuma ana zuba haidirayid na taitaniyam a narkakken alminiyam, iskar da ya saki ta mayar da shi ƙarfe mai kumfa marar nauyi.