Malamar da ke shiga aji da zanen mahaifiyarta

Da wuya ka shiga makarantar firamare ta gwamnati a Kano ko Zariya ko Katsina ka rasa malama guda da 'yan'uwanta ke tsokana da "'yar tsohon yayi". Ita ce mai atamfar da aka daɗe da daina buga irinta, ɗinkin riga da zane ba dutse ba ƙyalƙyali, kwalli daga tandu, abincin rana a 'yar langa maimakon roba. A ɗakinta akwai adakar ƙarfe cike da zannuwan lefen mahaifiyarta, ga keken ɗinki na Butterfly ko Singer mai tafiya da ƙafa a kusurwa. Jama'a kan fassara wannan ɗabi'a da rowa, ko ƙauyanci, ko begen zamanin da ya shuɗe. Ni kuwa ina ganin lissafi ne, kuma ga macen da ke riƙe da aji da gida a lokaci guda, lissafin nata ya fi na masu yi mata dariya fita daidai.

A dubi yininta. Tun kafin asuba ta tashi, ta hura gawayi, ta dama koko, ta yi wa ƙanana wanka, ta shiga Adaidaita Sahu don ta riski taron safe. Daga nan tana tsaye gaban allo har azahar, ƙurar alli na zuba a kafaɗarta, a ajin da wani lokaci yara sun haura ɗari kuma babu fanka. In tana shayarwa, ga goyo, ga tumbuɗi. Tufar da ke wannan aiki kwana biyar a mako wanki take sha ba ƙaƙƙautawa. Albashin kuwa an san shi: mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma tun a 2023 cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira suka riga suka cinye ƙarin. Turmin atamfa mai araha, yadi shida, yakan koɗe bayan 'yan wanke-wanke, sai a koma kasuwa, a sake biyan tela. Ga kuma anko, wanda ya zama haraji a ɗakin malamai: kowane biki da sabon turmi, a sa shi sau ɗaya ko biyu a jefa ƙasan akwati. Wadda ta buɗe adaka ta ciro zanen da ya shekara talatin bai yi laushi ba, ta rage wa rigarsa hannu a kekenta bayan isha'i, kuɗin nan ta mayar da su ga littattafan yara da buhun masara.

Ingancin tsohon zanen kuma yana da dalili a tarihi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a zamanin gwamnatin Sardauna, a 1964 United Nigerian Textiles ta biyo baya, Kano ma ta samu nata masaƙun a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Audugar da manoman Funtuwa da Gusau da Zariya ke nomawa ita ake kaɗawa a saƙa, don haka atamfar da iyayenmu mata suka samu a lefe auduga ce zalla, mai shan gumi, mai jure sabulu. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwauri suka durƙusar da masana'antar. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. Yau mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga Sin yake zuwa. Ba a ce dukkansa maras kyau ba ne, hawa-hawa ne, amma wanda aljihun malama ke iya kaiwa galibi an cakuɗa shi da zaren roba. Duk wadda ta tsaya a aji da irin wannan yadi cikin zafin watan Afrilu ta san bambancin a jikinta.

Akwai kuma ribar da ba ta kuɗi ba. Yaran da ke gabanta suna karanta sana'o'in gargajiya a littafi, su haddace "saƙa, rini, jima, dukanci" don jarrabawa, amma da yawansu ba su taɓa taɓa saƙi da hannunsu ba. Ranar da malama ta shigo da gyalen da aka rina a Ƙofar Mata, marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, darasi ya zo da ƙafarsa. Za ta iya bayyana yadda ake zuba baba da toka da kanwa a rijiyar rini a bar su kwanaki su ruɓa, da yadda zane ke fitowa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, wanda wannan kimiyya ce tsantsa. Za ta iya gaya musu cewa Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin birnin ke kaiwa har Timbuktu da Turabulus. Suturar malama ma tana da daɗaɗɗen matsayi a ƙasar nan: Nana Asma'u kan ɗora wa jajinta, wato macen da take turawa koyarwa, malfa ta naɗa mata jan ƙyalle, don a gane ta a matsayin mai ɗauke da ilimi zuwa ga matan karkara.

Masu suka suna da hujjoji, wasu kuma ba a ture su da baki. Suna cewa tsohon yayi bai dace da suturar addini ba, tunda iyayenmu sun yi ɗaurin ƙirji da ɗan siririn gyale. Amma ai malamar zaɓe take yi: ta ɗauki yadin da launin da ɗinkin, ta ɗora hijabinta ko babban mayafi a kai, ba wanda ya ce sai an kwaso zamani ɗungurungum. Suna cewa atamfar ma ba tamu ba ce, kuma gaskiya ne. Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin mutanen tsibirin Jaba na Indunusiya, kamfanin Vlisco yana buga ta a garin Helmond. Sai dai zanen da aka kai lefe da shi, aka yi goyon 'ya'ya da shi a Fagge ko Tudun Wada, ba wanda zai ce baƙo ne a gidan. Suna cewa yara za su raina ta. Abin da ake gani a makarantu shi ne yara kan raina malamin da bai san darasinsa ba, ko wanda ba ya zuwa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta wahala da ta gado. Saƙi yana da nauyi, shuni yana zuba a fata, tsohuwar samira in ta ɓantare sai tsatsa, duk kuwa ƙarin aiki ne ga macen da makin littattafai ke jiranta da dare. Shi ya sa za ka ga masu wannan ɗabi'a sun ware saƙi da tsamiya don Sallah da suna, atamfar ce ta kullum. Sannan ba kowace mace ta gaji adaka ba. An raba zannuwan uwa tsakanin 'ya'ya shida, wasu an ba dillaliya ta sayar a shekarar yunwa, wasu gara ta ci. Abin da ya rage ma ƙarewa yake, domin zane komai ingancinsa yana da iyaka. Wadda ke son ci gaba da wannan sutura dole ta koma wa masu sana'ar da ke raye, masaƙan ƙauye da marinan Kura da Ƙofar Mata, kuma aikin hannu tsada gare shi, ba abin da albashin wata guda ke saya ba ne. Hanyar da malamai mata suka saba da ita ita ce adashi, sai dai a maimakon kwasar ta tafi ga ankon biki uku, a tara ta a sayi zane ɗaya.