Garwashi a Cikin Tanti: Faɗakarwa ga Masu Kwanan Daji a Bakin Tafki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan'uwanmu waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya kai su Amurka, har suka ɗauki al'adar mutanen can ta kwasar iyali a tafi kwanan daji lokacin hutun bazara, maganar da na gaji da jinta, har na ga cewa yin shiru a kanta ya kusa zama haɗa baki da masu yaɗa ta. Wai idan an gama gashin nama da daddare, harshen wuta ya mutu, hayaƙi ya ɗauke, babu laifi a ja kaskon garwashin a shigar da shi cikin tanti don yara su ji ɗumi, tun da yake tanti ƙyalle ne, iska tana ratsa shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu faɗin haka ba jahilai ba ne, cikinsu har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi, kuma suna faɗinta ne da sakin fuska, suna ganin wata dabara ce suke koya wa baƙo.

Ga wanda bai san abin ba, kowace jiha a Amurka tana da gandayen da ta keɓe don jama'a su huta, a cikinsu kuma akwai zango inda mutum zai biya kuɗi kaɗan a ba shi fili ya kafa tantinsa. A zangon da ba a ƙawata ba, abin da za ka tarar bai wuce tebur na katako, da zoben ƙarfe na hura wuta, da famfo da masai waɗanda kowa da kowa ke amfani da su ba. Gandun Itaska da ke arewacin jihar Minisota ya ishe mu misali. An kafa shi a 1891, shi ne mafi daɗewa a jihar, faɗinsa ya haura eka 32,000, da tafkuna fiye da 100 a cikinsa. Daga babban tafkinsa ne kuma kogin Misisifi yake fitowa yana ɗan rafin da yara ke tsallakawa bisa duwatsu, wurin da wani mutumin ƙabilar Ojibwe mai suna Ozawindib ya yi wa Henry Schoolcraft jagora zuwa gare shi a 1832. Zangon gandun mai suna Bear Paw a gaɓar tafkin yake. Ban zo don in hana kowa zuwa ba, domin kwana biyu a irin wannan wuri, babu ƙarar mota, babu talabijin, yaro yana kallon taurari yana tambayar ubansa wane ne ya halicce su, alheri ne wanda ba a saye a kasuwa.

Sai dai wurin yana da sanyi mai yaudara. Da rana za a yi zafi har a shiga ruwa, amma da zarar dare ya raba, danshin tafki ya taso, sai ka ga ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 a wasu dararen ko da a tsakiyar bazara, a watan Mayu da Satumba kuwa yakan kai ga raɓa ta daskare bisa ciyawa. A wannan sa'ar ne, lokacin da ƙaramin yaro ya fara tari, uwar ta ce, "Malam, yaran nan fa sanyi zai kama su," maigida ya leƙa waje ya hangi garwashi yana ja a cikin kasko, a nan ne shaiɗan yake kawo shawararsa, kuma da rigar tausayi yake kawo ta.

Abin da ke fita daga garwashin nan wata iska ce da masana ke kira kabon monoksaid, wadda ke samuwa duk lokacin da gawayi ko itace ko gas ko kananzir ya ci wuta bai ƙone sarai ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ido hawaye. Idan aka shaƙe ta, sai ta kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, kamun da ya fi na oksijin ɗin ƙarfi sau 200 ko fiye, ta yadda mutum zai yi ta numfashi ƙirjinsa yana ɗagawa, alhali kuwa ƙwaƙwalwarsa da zuciyarsa suna mutuwa da ƙishirwar iska. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 ne wannan iska take kashewa a ƙasar kowace shekara, ban da waɗanda ke mutuwa a gobara.

To, mu koma ga hujjar masu cewa tanti ƙyalle ne. Ina roƙonsu su tambayi kansu dalilin da ya sa ruwan sama ba ya ratsa shi. Tantin zamani da nailon ko foliyesta ake yin sa, a shafe shi da wani sinadari mai toshe ƙofofin zare, sa'an nan a ɗora masa wata riga ta biyu a bisa. Abin da aka yi masa da gangan don ya tsare ruwa da guguwa kuwa, ba zai zama rariya ga iskar da ke ciki don kawai mun so haka ba. Duk wanda ya taɓa kwana a tanti ya ja zif ya rufe, ya san cewa da asuba zai tarar da bangon ciki ya jiƙe sharkaf, har yana ɗiga masa a fuska. Wannan ruwa ba daga sama ya zo ba, tururin numfashin masu barci ne da ya rasa hanyar fita. Idan numfashin mutum huɗu ya kasa fita, ta wace ƙofa gubar kasko guda na gawayi za ta fita? Wani zai ce ai yakan bar zif a ɗan buɗe. Da wane mudu ya auna wannan ɗan buɗewar, ya san cewa abin da ke fita ya fi abin da ke taruwa, a daren da iska ta kwanta ko ganye ba ya motsi?

Hujjarsu ta biyu, wato cewa hayaƙi ya riga ya ƙare, ita ce mafi muni, domin gaskiyar al'amarin a juye take. Hayaƙi mai sa tari da hawaye, duk da cutarwarsa, mai gargaɗi ne, yakan kori mutum waje. Garwashin da ya lafa, toka ta fara rufe shi, iska ba ta isa gare shi sosai, shi ne yake cikin halin da ya fi haifar da wannan guba, kuma yakan ɗauki sa'o'i masu yawa yana ci a ɓoye bayan ido ya yanke masa hukuncin mutuwa. Saboda haka ne tun wajen ƙarshen shekarun 1990 dokar Amurka ta wajabta a buga gargaɗi mai hoto a jikin buhun gawayi, da zanen gida da mota da tanti an soke su, don wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Buhun yana nan a gindin kaskon, amma an fi gaskata maganar aboki.

Akwai kuma mai cewa shi barcinsa ba nauyi, in wani abu ya faru zai farka. Wannan bai san halin abokin gabarsa ba. Alamomin wannan guba na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da kowa zai jingina ga gajiyar tuƙi ko naman da aka ci. Sa'an nan hankali ya rikice, gaɓoɓi su saki, har mutum ya ga zif ɗin a gabansa ya kasa miƙa hannu. Mai barci kuwa galibi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, daga barci sai suma. Yaran da aka shigo da wutar dominsu su ne take fara kayarwa, saboda numfashinsu ya fi na manya sauri, haka nan ɗan da ke cikin ciki. A watan Maris na 1999, a jihar Jojiya, mutum shida suka rasu ta wannan hanya a zango biyu dabam-dabam: huɗu, babba ɗaya da yara uku, a cikin tantin da aka bar murhun gas yana ci, biyu kuma, uba da ɗansa, a cikin tantin da aka shigar da kaskon gawayi bayan an gama girki da shi a waje. Aikin da ake ba mutane shawara su yi ke nan, babu ragi babu ƙari.

Na san abin da ke ƙarƙashin wannan taurin kai, shi ne tunawa da ɗakin kaka a lokacin hunturu, da kaskon wuta a tsakiya, jikoki sun kewaye shi, kuma kowa ya wayi gari lafiya. Amma malamanmu na usulu sun sharɗanta cewa ƙiyasi ba ya inganta sai illar ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu, nan kuwa akwai bambanci bayyananne. Ɗakin kaka yana da jinka wadda iska ke bi ta fita, da rata tsakaninta da bango, da ƙofar da asabari kaɗai ke rufe ta, ga kuma yalwa. Tanti kuwa bai kai rabin rabinsa ba, kuma a toshe yake. Ko a gida ma, tun da aka koma ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi, sau nawa aka wayi gari da iyali a kwance saboda gawayi ko janareto, aka ce sammu ne, ko aljanu, ko an sa musu guba a tuwo? Wanda kuma zai fake da cewa kwana ba ya ƙarewa sai ya ƙare, to, ya sani imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa kowa wajibcin riƙon sababi ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa bayan wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kashe wuta idan za a kwanta. 'Ya'ya amana ce. Ba a gwajin tawakkali da ran wani.

Maganin sanyin tanti tun daga gida ake ɗaure shi. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki, don haka bargo biyu a ƙarƙashi sun fi uku a bisa, kuma katifar nan da ake hurawa, in ba a shimfiɗa mata soso ko bargo ba, sanyi take tarawa ta miƙa wa mai kwanciya. Jakar barci kowace tana da lambar sanyin da aka yi ta dominsa a rubuce. A duba hasashen yanayi, a ɗauki wadda ta fi ƙarfin abin da aka yi hasashe. Kafin a kwanta a tuɓe wa yara duk tufar da suka yini da ita, ko da a ido a bushe take, domin auduga tana riƙe gumi, a sa musu busassu, da safar ulu, da hular sanyi. A ciyar da su abinci mai zafi. A cika gorar ruwa mai ƙarfi da ruwan ɗumi, a ɗaure bakinta tam, a sa ta cikin safa, a ajiye wajen ƙafafun babban yaro. Jariri kuwa ba a manna masa ita, ba a kuma cusa shi cikin jakar babba. Ƙaramin tanti ya fi babba ɗumi. Ƙofofin iska na sama a bar su a buɗe, domin tanti mai danshi ya fi sanyi. Ruwan alwalar asuba a dafa shi tun da yamma a zuba a filas, don kada sanyin alfijir ya sa a kunna risho a ciki.

Girki a waje ake yi, ko ana ruwa, a ƙarƙashin rumfar da gefunanta ke buɗe, ba a cikin ɗan zauren da ke bakin tanti ba. Haske a yi shi da fitila mai batir. Wutar zobe da ta kasko, in an gama, a zuba mata ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake zubawa, har sai an kusantar da bayan hannu ba a ji zafi ba. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iska mai guba, kuɗinta bai kai na naman da za a gasa ba, a saya a rataye ta a ciki, amma kada a ɗauke ta lasisin shigo da wuta. Janareto a nisanta shi aƙalla mita 6 daga tantinka da na maƙwabci, kada kuma a kwanta cikin mota inji yana aiki. Idan sanyi ya fi ƙarfin shiri, babu kunya a naɗe kaya a nemi ɗaki. A Itaska ma akwai masaukin Douglas Lodge tun 1905, da ƙananan ɗakunan katako na haya.

Tun da rana kuma a san inda ma'aikatan gandu suke da hanyar asibiti mafi kusa, domin waya ba ko'ina take kamawa a daji ba. Idan mutum biyu ko uku suka tashi da ciwon kai lokaci guda, babu zazzaɓi, ko yaro ya ƙi farkawa, a fitar da kowa fili nan take, a kira 911, a gaya wa likita ƙarara cewa an kwana kusa da gawayi ko gas, saboda 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa takan nuna jini lafiya lau alhali ba haka ba ne. Kada a ce ai ya sha iska ya warware, a koma barci: a iskar fili sai an yi kamar sa'a huɗu zuwa shida kafin rabin gubar ta bar jini, da oksijin na asibiti kuwa abin bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, kuma mantuwa da rikicewar tunani suna iya biyo baya ko bayan makonni. Mai juna biyu a kai ta ko da ta ce ba ta jin komai.

Sauran haɗurran zango sanannu ne: yaro ba ya shiga kwalekwale sai da rigar hana nitsewa, a duba jiki kowace yamma saboda kaska, abinci a kulle shi cikin mota saboda namun daji. Itacen wuta kuma a saye shi a gandun ko wurin dillalin da hukuma ta amince da shi, domin Minisota ta hana shigo da na nesa cikin gandayenta, saboda wani ƙwaro mai kashe itatuwa da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo.