Kafin Alƙalami: Cinikin 'Yan Ƙwallo a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Wanda ya tashi daga Kabuga ya miƙe titin Gwarzo, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, in dai bayan la'asar ne, ba zai rasa ganin ƙura tana tashi a filin wata makarantar firamare ba. Samari ne ke buga ƙwallo, wasu da takalmi, wasu da silifas ɗin roba da aka ɗaure da tsumma, wasu ƙafa tsirara. Matafiyi zai ce wasa suke yi. Ni kuwa kasuwa nake gani. Ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, ba ta da ranar ci, amma akwai haja, akwai dillali, akwai tayi, akwai albarka, akwai sallamawa.

Hajar ita ce yaron. Ɗan shekara 14 zuwa 19, wanda da safe yana gona ko yana kan babur ɗin haya, da yamma kuma ya zama lamba tara. A Getso da Lakwaya da Kutama, a Garo da Gude da Durun, da wuya a sami garin da ba shi da ƙungiya, wani garin ma kowace unguwa da tata. Cinikin ya fi zafi bayan kaka, lokacin da aka kai gero da dawa rumbu, hannu ya ɗan yi maiƙo, fili ya bushe. Sai kuma hutun Sallah, da shekarar zaɓe, lokacin da kowane mai neman kujera yake tuna cewa matasa suna son kofi.

Mai kiwon wannan haja shi ne koci. Galibi malamin makaranta ne, ko tela, ko tsohon ɗan wasan da gwiwa ta hana shi ci gaba. Shi ke sayen ƙwallo daga aljihunsa, shi ke bi gida-gida yana roƙon iyaye, “Baba, a yi haƙuri a bar mana shi yau, wallahi da magariba zai dawo.” In yaro ya karye shi ke kai shi wurin mai ɗori. Shekara biyar, shida, yana wannan hidima, kuma in ka tambaye shi takardar da ta nuna yaron nasa ne, abin da zai ɗauko maka littafin rubutu ne mai shafi 40, wanda ya jera sunaye a ciki da biro. A riƙe wannan littafin, za mu dawo kansa.

Dillali kuwa, wanda yanzu ake kira ejan, ba ya zuwa da hayaniya. Zai tsaya can gefe kusa da mai sayar da rake, ya kalli rabin lokaci, ya ɗauki bidiyo da waya. In an tashi ba ya zuwa wurin koci kai tsaye. Sai ya fara da yaron: “Kai, ɗan'uwa, wa ke riƙe da kai?” Daga nan sai gidan uba. Masu saye suna hawa-hawa ne kamar matakala. Akwai ƙungiyoyin cikin birnin Kano da makarantun horar da ƙwallo, sama da su akwai masu buga gasar NLO, sai NNL, sai babbar gasar ƙasa ta NPFL. Wurin baje koli kuma akwai irin gasar Kofin Ramat ta yara, wadda ake yi a Kano duk shekara don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed. Burin kowane yaro a wannan yanki dai shi ne ya sa rigar Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ya ji ana “Sai Masu Gida” saboda shi. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, ai ba ta buƙatar talla a ƙauye.

To, nawa ne kuɗin yaro? A nan ne kasuwar take da ban sha'awa. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da abin tun kafin a san ƙwallo: kafin alƙalami, wato abin da ake fara miƙawa don a kama ciniki kafin a rubuta komai. A matakin ƙauye, kafin alƙalamin bai wuce takalmin ƙwallo sabo ba, da kuɗin mota, da ɗan abin da za a sa wa uba a ambulan a ce “a sayi goro”. Ƙungiyar da ta rene shi kuma a ba ta saitin riguna da ƙwallo biyu. A matakin sama ana kiransa kuɗin sa hannu, kuma shekaru da dama shi ne ainihin abin da ɗan wasan Nijeriya yake rayuwa a kansa, domin albashin wata bai taka kara ya karya ba. Matsalar ita ce a baki ake yanka kuɗin da yawa, a biya wani kaso, sauran ya zama bashin da ake bi har kakar wasa ta ƙare, har wata ta shigo. Bayan kamfanin LMC ya karɓi ragamar babbar gasar ƙasa a 2013, sai ya soke kuɗin sa hannu, ya ce a mayar da shi cikin albashi, aka kuma kai mafi ƙarancin albashi naira 150,000 a wata. Dokar ta yi ma'ana. Amma duk wanda ya san ciniki ya san ba a hana mai saye ya ɗan sunna wa mai kaya wani abu a bayan rumfa, in yana tsoron wani ya riga shi.

Akwai inda aka ɗaure wannan ciniki tamau, kuma yana da kyau a leƙa don a ga bambanci. A Amurka, a wasan besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki, tun 1965 ƙungiyoyi ba sa wawason yaran cikin gida. Lokaci ɗaya ake sa wa a shekara, a jera sunayen 'yan sakandare da 'yan jami'a, kowace ƙungiya ta zaɓa bi da bi, galibi waɗanda suka fi shan kashi bara su ne a gaba-gaba. Tun 2012 kuma kowace ƙungiya ana yanka mata iyakar abin da za ta kashe a kuɗin sa hannu. Wadda ta haura kaɗan ta biya tara, wadda ta zarce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ta rasa zaɓenta na farko a shekara mai zuwa. Sai dabara ta koma irin ta mai cefane da kuɗi ƙididdigagge. A 2012 ƙungiyar Houston Astros ta ɗauki Carlos Correa a zaɓen farko, ta ba shi dala miliyan 4.8 alhali an ware wa gurbin miliyan 7.2, ta yi amfani da rarar ta jawo wasu yaran da da sun tafi jami'a. A 2023 Paul Skenes ya karɓi dala miliyan 9.2 daga Pittsburgh Pirates bai taɓa buga musu wasa ko ɗaya ba. Ba na cewa tsarin nan adalci ne tsantsa, tunda yaro ba shi da ta cewa kan inda za a kai shi. Abin da ya burge ni kawai shi ne kowa ya san farashi, kuma a rubuce yake.

Rubutun nan shi ne inda kocin Gwarzo yake faɗuwa. Dokar FIFA ta tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A ɗauki Ahmed Musa. Daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos ya zo Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan, inda sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara wasa, domin doka ta hana ƙetarawa da yaro ƙasa da haka. Daga can CSKA Moscow a 2012, sai Leicester City a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Kashi 5 na wannan fam dubu 800 ne. Ko ɗan tsagin shekara ɗaya daga ciki ya isa ya kewaye fili da katanga, ya sayi motar ƙungiya. Amma ana biyan kuɗin ne ga ƙungiyar da take da rajista da hukumar ƙwallo, wadda sunanta ya fito a takardar tarihin ɗan wasan. Littafi mai shafi 40 ba ya cikin lissafi. Manomin da ya sayar da masara a bakin gona ranar girbi, ya ji farashinta a kasuwar Dawanau bayan wata biyar, ya san irin wannan ɗacin.

Takarda ce kuma take yanke shekaru. A kasuwar nan ƙuruciya ita ce tsada, don haka ɗan 21 yakan wayi gari ɗan 16, da sabuwar takardar rantsuwa daga kotu. Tun 2009, shekarar da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 har aka buga wasu wasannin a Kano, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce. Abin haushin shi ne ɗan ƙauyen da ya faɗi gaskiyar shekarunsa shi ake gani ya tsufa.

Sai ɓangaren da ba na son faɗa amma dole. A kowace kasuwa mai saye ne ke biya. A wannan, sau da yawa hajar ce ke biyan dillali: kuɗin fom, kuɗin gwaji, kuɗin fasfo, kuɗin biza. Uba ya sayar da sa, ko ya jinginar da gona, a kan alkawarin Turkiyya ko Dubai, yaro ya ƙare a wani ɗaki a Legas yana jiran kiran wayar da ba za ta zo ba. Kada a ce sai ƙananan 'yan damfara ke wasa da dokar yara. A 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya da hana ta sayen 'yan wasa saboda yadda aka shigo da yara daga Nijeriya.

Kwanan nan masu saye sun ƙaru, kuma ɗaya ɗan gida ne. Sanata Barau Jibrin, mutumin Kabo, ya kafa Barau FC, wadda ta hau babbar gasar ƙasa a 2025. A shekarar ce kuma aka naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars, wato wanda aka taɓa tayawa ya zama mai tayi. Rumfa biyu a gari ɗaya takan ɗaga farashi, kuma yaran yankin sun san da haka, shi ya sa atisaye ya ƙara zafi. Ko ƙarin zai gangaro har wurin mai littafin rubutu, wannan ya danganta da ko zai je ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ya yi wa ƙungiyarsa da yaransa rajista, abin da yake cin kuɗin mota da na fom da yini guda a Kano.

Ranar da motar ta zo ɗaukar lamba tara, koci yakan raka shi har tasha, ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a, ka riƙe salla, ka riƙa kira.” Yaron ya ce, “In sha Allahu, Koci.” Washegari da la'asar a buɗe saitin rigunan da aka bari, a ga duk sun yi wa yaran yawa, a miƙa mai lamba tara ga wani ɗan shekara 13 da ta kai masa har gwiwa.