Riga-Kafin Suwic: Sabunta Manhajar Ciki

Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya kan kwamfuta. Ke nan ɗalibin Jega ko Maiyama mai burin shiga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, dole ya dogara da wani akwati da ba kasafai ake kula da shi ba. Masu gyara suna kiransa suwic.

Aikin suwic shi ne haɗa kwamfutocin wuri guda da waya. Kowace kwamfuta tana da lambarta ta shaida. Suwic yana haddace lambar da ke bayan kowace kafa tasa, sannan ya miƙa saƙo ga mai shi kaɗai. Ƙananan suwic sukan zo da kafa 5 ko 8.

Abin da ke ba shi wannan basira shi ne manhajar ciki, wato umurnin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwarsa, wanda ba ya gogewa ko da wuta ta ɗauke. Misalinta kamar ɗan tsako ne, wanda ke fitowa daga ƙwai da sanin tsince, ba tare da an koya masa ba.

To amma mutum ne ya rubuta ta, kuma ɗan Adam ajizi ne. Akan gano kuskuren da ke daskarar da na'ura, ko ɓarakar da ɓarayin intanet ke bi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ƙananan na'urori da masu su ba su sauya kalmar sirrin kamfani ba, har Twitter ya katse wa mutane da yawa a Amurka. Saboda irin wannan haɗari kamfanoni ke fitar da gyara, tamkar allurar riga-kafi.

Ba kowane suwic ke karɓar gyaran ba, sai wanda ake iya shiga saitinsa. Mai kula da irinsa zai fara duba lambar samfuri a ƙarƙashin akwatin, ya sauko da manhajar da ta dace daga shafin kamfanin kaɗai, ya kuma adana kwafin saitin. Sannan ya jona na'urar ga batiri ko inbata, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutun, tana iya mutuwa murus. Wannan karaya ce da ko masu ɗorin Aliero ba su da maganinta. Bayan an gama, a sauya kalmar sirri, a rubuta kwanan wata a littafi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne hutu, a sami sararin gwaji. Jajiberin jarrabawa kuwa, ai ba a fafe gora ranar tafiya.