3.4 Taƙaddama Kan Haihuwa a Gida da Haihuwa a Asibiti

A al'adar Bahaushe, aikin ungozoma yakan fara ne bayan jariri ya faɗo. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Naƙuda kuwa, sau da yawa mace ita kaɗai take yin ta a ɗaka, domin kunya takan hana ta raki, musamman a haihuwar fari.

Masu goyon bayan haihuwa a gida suna kafa hujja da sutura, wato kada namiji ya ga jikin matar aure, sai kuma tsada da tsawar wasu ma'aikatan jinya da tsoron tiyata. Waɗannan ba hujjojin yasarwa ba ne. Amma wadda suka fi riƙewa ita ce wai wadda aka kai asibiti gawarta ake dawowa da ita.

Wannan magana tana buƙatar nazari. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya kan haihuwa 22,774, daga 1976 zuwa 1979, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa a cikin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda ba a kawo su ba sai da al'amari ya ɓaci. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari ya biyo baya. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, kafin ma a samo motar da za ta fito da ita daga ƙauye.