Koya wa Yaro Tauna: Daga Kunu Zuwa Tuwo

Ya ku masu gida da uwayen gida, wannan takarda tana magana ne a kan abincin yaron goye, tun daga wata 6 har zuwa yaye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutan gidansa, har da kaka, gama sau da yawa ita ce mai riƙe da ludayi.

Da yawa daga cikin yaran da ake kawo mana ɗakin magani sun rame, ba rashin hatsi a rumbu ne ya ramar da su ba. An bar su ne a kan kunu tsararo har sun shekara, ko sun fi, wai don ba su da haƙoran tauna. Yaro ya sha, ciki ya yi tumbi, amma jiki ba ya ƙaruwa. Dalili kuwa shi ne, cikin yaro ƙarami ne ƙwarai. In aka cika shi da ruwa, ina wurin abinci?

Yaushe za a fara?

Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ba ya bukatar ruwa, ko jiƙo, ko kunu, ko da a lokacin bazara ne. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun shekarar 2001. In ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya ƙosar da shi, kuma sinadarin ƙarin jini da ya zo da shi daga cikin uwa ya soma ƙarewa. A nan ne za a fara ba shi abinci, ana kuma ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye.

Za ku ga alama. Wuyansa ya tsaya, yana iya zama in an tokare shi, yana bin lomarku da ido, yana kai abu baki da hannunsa.

Tauna koyo ce

Yadda yaro yake koyon zama, sa'an nan rarrafe, sa'an nan tafiya, haka yake koyon cin abinci. Tsotso daban, haɗiya daban, tauna daban. Kada ku jira haƙori. Dasashin yaro yana da ƙarfi, duk uwar da aka taɓa ciza a nono ta san haka. Haƙoran gaba sukan fara fitowa wajen wata 6, amma turame ba su fitowa sai bayan shekara. Wanda ya ce sai turame sun fito, lalle ya makara.

A ƙasar Ingila, wajen birnin Bristol, masana sun bi dubban yaran da aka haifa a 1991 da 1992 suna duba yadda ake ciyar da su. Suka tarar yaran da ba a ba su abinci mai gudaji ba sai da suka kai wata 10, sun fi wuyar ciyarwa, sun fi kuma tsanar abinci. Da suka kai shekara 7 aka sake dubawa, aka ga har a lokacin ba su cin ganye da 'ya'yan itace kamar sauran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na ɗaya: wata 6 zuwa 8

A fara da kunu mai kauri, na gero ko dawa ko masara. Ga yadda za a gane kaurin: a ɗebo a cokali a karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokali yana saukowa a hankali, ya yi.

Kunun hatsi zalla ba ya gina jiki sosai. A dama shi da garin gyaɗa mai laushi, ko garin waken suya da aka soya, ko a zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja. A dafa kabewa, ko dankali, ko wake da aka surfe, a murje da bayan cokali. Ayaba da gwanda da suka nuna ba su bukatar wuta, murjewa kawai.

A fara da babban cokali 2 ko 3, sau 2 ko 3 a yini, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Bayan mako biyu ko uku, a rage murjewa. A bar 'yan ƙananan gudaji masu laushi, irin waɗanda in an danne su tsakanin yatsu biyu suke narkewa. Haka bakinsa zai saba.

Mataki na biyu: wata 9 zuwa 11

Yanzu a daina tacewa da rariya. A ba shi tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, faten doya, shinkafa da ta dahu luguf, alala. A yayyanka ganyen zogale ko alayyafo ƙanana ƙanana a dafa a ciki. A ƙara dafaffen ƙwai, ko hanta da aka daka, ko kifi da aka cire wa ƙaya sarai, ko nama da aka dandaƙa.

A ba shi sau 3 ko 4 a yini, kowane ci rabin kofi. Kofin da muke nufi shi ne mai cin mililita 250, watau wanda ruwan leda ɗaya yake cika shi sau biyu.

Tun daga wajen wata 8 yaro yakan so ya ɗauki abu da kansa. Ku bar shi. A yanka masa abinci mai laushi dogo dogo kamar yatsan babba, yadda zai iya damƙa a hannu kan ya leƙo: dafaffen dankali, dafaffen karas, kabewa, yankin gwanda, mangwaro nunanne, awara mai taushi. Zai ɓata jiki, zai zubar da wani. Ba ɓarna ba ce, karatu yake yi.

Mataki na uku: shekara 1 zuwa 2

In ya shekara, sai ya ci abin da gida ke ci, a yayyanka masa abin da ke da tauri. Sau 3 ko 4 a yini, kusan kofi guda, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. A ɗebar masa nasa kafin a zuba yaji da gishiri da yawa. A sa masa a kwanonsa shi kaɗai, domin in aka haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun suɗe, uwa kuwa ba za ta san abin da ya ci ba.

Waɗansu suna hana yaro ƙwai wai zai yi sata. Ƙwai ba ya sa sata. Malam mai gida, ƙwan da za a kai kasuwa a sayar, a ajiye wa ɗanka ko da guda ɗaya. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yau ake kira Gana, ta bayyana ciwon nan da yake kumbura ƙafafun yaro, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ta gan shi ne a yaran da aka raba da nono aka bar su da kokon masara kaɗai. Shi ne ake kira kwashoko, har gobe kuwa muna ganinsa.

Abin da ba a ba yaro

Gyaɗa ɗaya ɗaya, aya, gurjiya, gugguru, ƙuli-ƙuli mai tauri, alewa, dabino da ƙwallonsa, magarya, ɗanyen karas, da ƙatuwar tsokar nama: duk waɗannan suna iya toshe hanyar numfashi. Gyaɗa da aya sai an niƙa, har yaro ya kai shekara 5. Gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, tana lalata hanta. Kada a ba yaro zuma sai ya shekara, gama akwai wata ƙwayar cuta da takan ɓuya a cikinta wadda take shanye jikin jariri. Shayi da lemon kwalba ba abincin yaro ba ne.

A daina ɗura

Kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a ɗura masa kunu da tafin hannu, al'ada ce mai haɗari. Yaron da ke kuka yana neman iska, kunun sai ya bi ta hanyar numfashi ya faɗa huhu. Daga nan sai ciwon huhu, wani lokaci ma mutuwa nan take. Wanda ya tsira kuma yakan tsani abinci. A zaunar da shi sosai, a fuskance shi, a yi masa wasa. In ya kau da kai, a ƙyale shi a sake gwadawa an jima. Sabon abinci sai an kawo masa sau da yawa, har sau 10 ma, kafin ya karɓa.

Yunƙurin amai daban, shaƙewa daban

In gudaji ya wuce masa baya, yaro zai yi tari, ya turo harshe, fuska ta yi ja, ya tofo abin. Wannan ba abin tsoro ba ne, jikinsa ne ke tsare kansa. Kada a koma wa kunu tsararo saboda haka.

Shaƙewa kuwa shiru take zuwa. Ba kuka, ba tari, ba numfashi, leɓe ya soma canja launi. In yaron bai shekara ba, a kifa shi a kan hannu bisa cinya, kansa ya fi jikinsa yin ƙasa, a tallafe haɓarsa. A bugi bayansa da gindin tafin hannu tsakanin allunan kafaɗa sau 5. In abin bai fito ba, a juyo shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Kada a zura yatsa a maƙogwaro ana lalube, za a ƙara tura abin ciki ne. Saboda haka ba a barin yaro shi kaɗai da abinci, ba a kuma ba shi yana kwance ko yana gudu.

Tsabta

Zawon da ake cewa na haƙori ne, ƙazanta ce take kawo shi, domin a lokacin ne yaro ke kai kome baki. Uwa ta wanke hannunta da na yaron da sabulu kafin ci. A wanke kwano da cokali, a rufe abinci saboda ƙuda. Abin da ya wuce awa 2 da saukewa, sai an sake tafasa shi. In zawo ya zo, kada a hana nono ko abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, a kawo shi ɗakin magani.

Ku riƙa kawo yaro awo kowane wata. In ya cika wata 9, kada a manta da allurar ƙyanda. In nauyinsa ya tsaya, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya kai wata 10 ba ya iya haɗiye kome sai ruwa ruwa, ko jikinsa ya yi borin jini bayan wani abinci, ku zo mu duba shi tun da wuri.

Abincin nan duka yana cikin gonakinku da kasuwarku. Abin da ya rage shi ne haƙuri da lura. Allah Ya raya mana zuriya, amin.